Ranar da Gamel Ya Zo Wofi

Kwanakin baya wani mai zubin tukwane ya biyo unguwarmu a Zango yana sayen tsofaffin kwanonin sanholama. Na fito daga alwala ke nan sai na ga uwargidana ta miƙa masa gamel. Wallahi ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Mutumin ya dire kwanon ya yi waje ko sallama babu, ita kuwa ta tsaya tana kallona, ta ce, "Haba Malam, a kan wannan lotsattsen abin?" Ta yi gaskiya, lotsattse ne. Kwanon cin abincin soja ne na zamanin Nasara, mai murfi da mariƙin waya, gindinsa ya yi baƙi, gefensa ya lanƙwashe. Tun da na aure ta take ganinsa bisa kabad, kuma ban taɓa gaya mata labarinsa ba. Laifina ne, amma ita na yi wa faɗa, don haka nake tun ina saurayi.

Gamel ɗin na mahaifina ne. Ni ne ɗan farinsa, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. In na shigo zaure yana ciki, ɗayanmu zai tuna yana da wani uzuri a waje. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, aka kawo ni Zango wurin ƙanwarsa, wadda nake kira Gwaggo, mai tuyar ƙuli-ƙuli da sayar da man gyaɗa. Ita ta raine ni, ita ce kuma bakinmu mu biyu. In zai yi maganata sai ya ce mata "mutumin naki". In ina son wani abu a wurinsa, ita nake gaya wa. Ba wanda ya ga aibu a wannan, haka muka tarar ana yi.

Abin da na sani na rayuwarsa, a bakin Gwaggo na ji shi, tana murza tunkuza tana ba ni labari. Maraya ne a wani ɗan ƙauye cikin ƙasar Guna. Da Nasara suka ce kowane gari ya ba da samari, mai gari ya ɓoye nasa 'ya'yan ya nuna shi. Da igiya a ƙugu aka kawo su barikin Zinder, daga nan sai bakin teku, sai jirgin ruwa, sai ƙasar sanyi inda ya yi yaƙin da ba nasa ba. Ya dawo, ya yi aure, aka haife ni, aka sake kwasar su zuwa wata ƙasa mai shinkafa da ruwan sama. Ya dawo ƙarshe da galon sarzan, wato igiyar saje a hannun riga, da 'yan lambobi, da guntun ƙarfe a kwatangwalo wanda yake sa shi ɗingishi in sanyi ya shigo, da wannan gamel. Ba ya ba da labarin yaƙi. Abu ɗaya yake maimaitawa har Gwaggo ta haddace, wai sarzan ba ya sa loma a baki sai mutanensa sun ci.

Da aka fara siyasa, 'yan jam'iyya suka yi ta zarya ƙofarsa. Dalili kuwa, shi kaɗai ne a duk yankin yake tsayawa gaban kwamanda, Baturen da ke mulkin yankin, da takalminsa a ƙafa, ya yi masa magana da Faransancin bariki, ido cikin ido. A lokacin akwai abin da ake kira rumbun kwamanda. Kowace kaka sai an tilasta wa kowane gida ya zuba wani kaso na geronsa a rumbun gari, a liƙe da laka, ba mai buɗewa sai da izini. Da bulalar gardi, wato 'yan sandan kwamanda, ake cika shi, kuma sau da yawa in an buɗe sai a tarar rabi ya tafi wurin da ba a faɗa. Talakawa sun tsane shi tsana. Da wannan rumbu Baba ya ci zaɓe. Yakan hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, da jar dara a ka, ya ɗaga hannu ya ce geron mutum nasa ne. Ya zama depite, ya tafi majalisa a Yamai. Da Nasara suka sauka, da hannunsa ya sa gatari ya fasa rumbun ƙauyensu, ana kiɗa ana guɗa.

A majalisa bai yi wani tashe ba. 'Yan boko suna dariyar Faransancinsa, shi kuma ba ya gane rabin takardun da ake tura masa. Bayan 'yan shekaru jam'iyya ta cire sunansa ta sa na wani mai takarda. Ya komo ƙauye ba mota, ba gidan siminti, sai tsohon kakinsa a akwati. Abin da ya fara yi shi ne ya gina rumbu, ƙato, a bayan gidansa. Kowace kaka ya jera dammuna a ciki ya liƙe da laka. Mutane suka yi ta yi masa ba'a, wai Sarzan ya dawo da abin da ya fasa. Gwaggo ma ta taɓa tsokanarsa, ya ce mata, "Ai bulalar ya kamata in fasa, sai na fasa rumbun."

Ni kuwa a lokacin ina makarantar horon malamai, kaina ya cika da iska. Mu ne masu ilimi, mu za mu gyara ƙasa. Tsofaffin soja muna kiransu karnukan Nasara, 'yan majalisa kuma ɓarayi, ga shi Baba ya haɗa biyun. In an fara wannan hira muryata ce a sama, don kada wani ya tuna ɗan wane ne ni. Zan faɗa ba ɓoye-ɓoye, na raina shi. Na raina jar dararsa, na raina yadda yake ƙamewa in ya ga tuta, na raina lambobin nan da yake gogewa da toka.

Duk da haka gamel bai fasa zuwa ba. Tun ina ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko, ya fara aiko shi, wata-wata, ran Alhamis, ta hannun 'yan ƙauyen da ke zuwa cin kasuwa. Su kai wa Gwaggo da hantsi, ita ta kawo mini. Da damina ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi, da kaka gumba ko gyaɗa, wani lokaci dabino. Tun da ba a mayar da kwano wofi, Gwaggo takan zuba ƙuli-ƙuli da sunana, 'yan kasuwa su koma da shi da la'asar. Da na zama malami na fara ɗaukar albashi, sai na karɓi wannan aiki, goro da sukari nake sawa, kullum. Hirarmu ke nan ni da shi. In na ga ƙwai da yawa na san an yi ruwa. In na ga gyaɗa ɓararriya na san ya samu hutu ya zauna ya ɓare da kansa. Ina raina shi da baki, amma ran Alhamis ɗin da gamel zai zo, tun da safe nake leƙen ƙofa.

Sai fari ya zo. Wanda bai ga shekarun nan ba, kada ya ce mini ya san yunwa. Hadari ya taso baƙi ƙirin, a fito da iri, iska ta watsa shi. A yi shuka ta tsiro ta ƙone, a sake, ta sake ƙonewa. Shekara ta bi shekara. Makiyaya suka gangaro daga arewa ba ko akuya, suka kafa bukkokin tsumma a bakin gari. Mata suna tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙasa don 'yan ƙwayoyi. Ƙauyuka suka watse, wasu suka yi kudu wajen Kano, wasu suka cika Zango suna kwana a rumfunan kasuwa. Abin cikin gamel ma ya canza. Gyaɗa ta ɗauke, sai aduwa, sai magarya, daga baya sai dilo, 'ya'yan hanza, da aka jiƙa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita.

Ƙauyen Baba bai watse ba. Gida tara ne, kuma ya rantse ba mai tashi yana raye. Ya fasa lakar rumbunsa. Kowace safiya bayan sallar asuba sai ya tsaya bakin rumbu ya kira magidanta ɗaya bayan ɗaya, yadda ake kiran soja, kowa ya amsa, ya auna masa da gamel gwargwadon bakunan gidansa. Ba ƙari, ba roƙo. Nasa ne na ƙarshe. Damin iri kuwa ya rataye su a ɗakinsa, ya ce wanda ya taɓa su zai san Sarzan bai tsufa ba. Masu yi masa ba'a a da su ne a gaban sahu. Duk wannan ina jinsa a bakin Gwaggo, nakan ce, "To, madalla," in ci gaba da gyaran takardun yara.

Da bazarar da abin ya fi tsanani sojoji suka karɓi mulki. Aka kama manyan 'yan siyasa, aka ce an samu buhunan taimako a ɗakunan ajiyarsu. Baba ba wanda ya neme shi, ya daɗe da barin kujera, amma kalmar depite ta zama zagi a gari. Aka rufe lakwal, aka tura mu malamai rabon abinci a mangaza, ɗakin ajiyar gwamnati. Jar dawa ce daga ƙasashen waje, mai wari, tuwonta kamar an dama bulo, amma mutane suna kwana a sahu dominta. Wani matashin hafsa, baƙo daga yamma, shi ne a kanmu. Ran farko ya tara mu ya ce duk wanda aka kama ya karkatar da ko tiya guda zuwa ga danginsa, balle dangin tsofaffin 'yan siyasa, gidan kaso zai kwana. Sannan aka ba kowane ma'aikaci buhu guda, halalinsa, don ya ci ya iya aiki. Nawa na tura shi ƙarƙashin gado a ɗakina na gidan malamai. Ni gwauro ne, ina da albashi, shinkafa muke sayowa da abokai. Nakan ɗibar wa Gwaggo kaɗan a ƙunshi, amma ban gaya mata buhu ne ba.

Wata Alhamis da azahar Gwaggo ta shigo ɗakina ta dire gamel a gabana. Ina zaune a bakin gado. Da na ɗaga shi na ji ba nauyi. Na buɗe. An wanke shi tas, an goge da toka har yana ƙyalli, ba komai a ciki.

Na ce, "Gwaggo, mantuwa aka yi?"

Ta ce, "Yayana bai iya mantuwa ba, Mushe."

Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, take kirana tun da na fara koyarwa, da tsokana, amma ranar ba tsokana a muryarta. Na gane sarai. Yaro ma zai gane. Rumbu ya ƙare, kuma mutumin da ba zai iya buɗe baki ya roƙe ni ba ya roƙe ni ta hanya ɗaya da yake da ita. Diddigena yana taɓa buhun nan a ƙarƙashin gado. Abin da ya zo mini a rai shi ne, in aka ga buhun jar dawa bisa jaki ya nufi gidan tsohon depite, wa zai tsaya ya tambaya ko halalina ne? Na hango kaina a gaban hafsa, na hango abokaina suna cewa ai dama ɗan wane ne. Na tashi na fita bakin hanya, na sayo goro da sukari, na cika gamel na rufe.

Gwaggo ta ɗaga murfin ta duba, ta ce, "Goro ake ci a kwana?"

Na ce, "Abin da na saba aikawa ke nan."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To." Ta ɗaure shi a gefen zane ta fita.

Mako bai cika ba sai ga shi da kansa. Ina tsaye bakin mangaza da tiya a hannu, ina auna wa mata, na ɗaga kai don in share gumi, sai na hango jar dara can cikin sahu. Ya sa tsohon kakinsa, lambobi a ƙirji, kakin ya yi masa yawa kamar na aro. Buhu wofi a kafaɗa, gamel a hannu. Tun asuba ya taso da ƙafa, da ɗingishinsa. Bai tsallake kowa ba, mutumin da a da ake share masa hanya. Wani ɗan iska daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kai jama'a, ga depite! Yau kuma a sahu? Ina wanda kuka ɓoye?" Aka yi dariya. Bai waiwaya ba.

Dokar ranar ita ce rabon na mutanen unguwanni ne da na bukkokin bakin gari, 'yan ƙauye su jira kamiyo ya je musu. Amma doka a hannun mai tiya take. Da safiyar nan kaɗai na zuba wa 'yan ƙauye fiye da goma, ban tambaye su daga ina ba. Da na tsaya a wurina, da ya miƙo buhu na zuba, idona a ƙasa, nasa a gefe, ba mai cewa uffan. Sai dai hafsa ya fito ya tsaya kusa da ni, ya ji abin da ɗan iskan nan ya faɗa, yana neman wanda ake nufi. Saura mutum uku a gaban Baba na miƙa wa abokin aikina tiya, wani baƙo shi ma da bai san kowa ba. Na ce masa a kunne akwai wani babba a sahu da ba na haɗa ido da shi, al'adarmu ce. Na shige cikin mangaza na laɓe bayan buhuna.

Daga nan ina jin komai. Na ji ƙarar diddigensa da ya ƙame. Na ji muryarsa, da Faransancin nan da muke dariya, yana ba da rahoto kamar yana gaban kaftin ɗinsa: sarzan ne mai ritaya, gida tara ne a hannunsa, ba wanda ya gudu, abinci ya ƙare kwana huɗu. Hafsan ya tambaye shi ko shi ne depite. Ya ce shi ne, a da. Na leƙa ta tsakanin buhuna, na ga hafsan ya ɗaga hannu ya mayar masa da gaisuwar soja, sannan ya ce da shi cikin ladabi doka doka ce, ya koma gida, kamiyo yana tafe. Baba bai roƙa ba. Ya ce ya ji. Ya juya kamar a fareti, ya bi ta gefen sahu ya tafi da buhunsa wofi. Na zauna a kan dawar da ta kai rufi, ina jin warinta, ban fito ba sai da na tabbata ya yi nisa.

Kada wani ya ce mini al'ada ce. Na yi shekaru ina gaya wa kaina haka. Al'ada ta hana ni kallon idonsa, ba ta hana ni cika masa buhu ba. Tsoro ne, da raini, na lulluɓe su da rigar kunya don su yi kyan gani.

Kamiyon bai je ba sai bayan makonni, hanya ce mai rairayi kuma ƙauyuka da yawa. Labarin sahu kuwa ya riga ni isa Zango. Da yammacin ranar na je gaishe da Gwaggo, ta hana ni zama. Ta wanke ni tas a gaban masu sayen mai. Ta ce, "Ni na goya ka, ni na yi maka tsarki, ashe ƙaton banza na raina! Yayana ya tako daga Guna a kan ƙafa ɗaya da rabi, ka shige rami kamar gafiya?" Na fara kawo mata zancen doka, ta ce in rufe mata baki. A nan, don in kare kaina, bakina ya suɓuce na ce ai ina da buhu, dama ina jiran abin ya lafa ne. Ta saki ludayin da ke hannunta. Ba ta ƙara zagina ba, sai ta ce a hankali, "Kana da buhu." Wannan ya fi zagin ciwo.

Duk da haka sai da na ƙara kwana goma. Ina jin nauyin rubuta wannan, amma haka aka yi. Yau in ce sai an canza hafsa, gobe in ce sai na samu jakin wanda ba shi da surutu. Sai da aka yi ruwan shuka, aka sallame mu daga mangaza, sannan na ɗora buhun a amalanke, na rufe shi da tabarma, muka tafi da Gwaggo.

Mun tarar da shi a gindin rumbun da ba komai a ciki, ya dawo daga gona. Ya raba irin nan da ya rataye, gida tara duk sun yi shuka. Da dilo da ganyen jiga suka rayu. Da ya ji sallamarmu ya juya fuska wajen dangar kara, ni kuma na durƙusa daga nesa. Ƙafafunsa na gani. Sun kumbura har fatar tana sheƙi, sun fi ƙarfin takalmi. Wuyansa kuwa ya zama kamar na zakara.

Gwaggo ta ce, "Yaya, ga mutumin nan ya kawo ɗan abin da ya samu."

Ya ce, "Ki ce wa mutumin naki an gode. Allah ya yi masa albarka."

Ta juyo ta ce, "Ka ji." Na ce, "Amin."

Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba. Kalma huɗu ce a bakina, Baba ka yafe mini. Ba wanda zai kashe ni don na faɗa. Na yi ta wasa da ƙasa da yatsa, har ya yunƙura ya tashi ya aika a kira magidanta. Na ga kiran nan da idona. Ya kwance bakin buhu, ya tsaya a miƙe iyakar iyawarsa, yana kiran suna ana amsawa, yana aunawa da gamel yana shafe baki da tafin hannu. Da ya gama da gida tara ya ɗaure buhun. Gwaggo ta ce, "Naka fa?" Ya ce sarzan zai ci daga baya. Da la'asar na hau amalanke na komo gari, ita ta zauna jinyarsa.

Daminar ta yi kyau, kamar ba a taɓa fari ba. Gero ya yi ciki, ya fara fitar da kai. A lokacin ne aka aiko mini. Kafin in isa an binne shi, don da safe ya cika kuma ana zafi. An ce zawo ne, amma kowa ya san zawo ya tarar da jikin da ba komai a cikinsa. Ya yi noman farko da na biyu a kan waɗannan ƙafafu. Na bi ta gonarsa zuwa kabari, gero ya fi ni tsawo.

Bayan addu'ar uku Gwaggo ta kira ni ɗakinsa. Ta jawo akwatinsa, ta fito da kakin da lambobin ta ajiye gefe, sannan ta fito da gamel, an ɗaure murfinsa da tsumma. Ta miƙo mini. Da nauyi. Na kwance, sai ga gero cike har baki, irin gidanmu mai doguwar zangarniya, an cuɗa shi da toka don ƙwari.

Ta ce, "Cikin iri ya ware maka, tun ranar da ya sussuka. A ƙullin tsumma ya ɓoye shi, da ya ga ba zai tashi ba ya sa na juye a nan. Na roƙe shi in dama masa kunu da shi, ya ce ba nasa ba ne."

Na mayar da murfin. Can na tambaye ta abin da ya fi damuna, ko ya gan ni ranar mangaza.

Ta ce, "Ya gan ka. Ni ma na tambaye shi. Ya ce tun daga nesa ya hango ka kana aiki, da ya matso ka kauce. Ya ce, 'Kin yi tarbiyya, yaron yana da kunya.'"

Har yau ban sani ba ko haka ya ɗauka, ko kuwa ya gane ya rufa mini asiri. Mutumin da ya yi shekaru yana duban idon samari a bakin daga, da wuya ya kasa gane matsoraci. Na so a ce ya zage ni.

Gwaggo ta share ido da bakin zane ta ce akwai saƙo kuma, ya sa ta maimaita sau biyu don kada ta ɓata. Ta gyara zama ta faɗa da irin muryarsa: "Ki ce wa mutumin naki ya yi haƙuri da wancan karo da kwano ya je masa wofi. Ba raini ba ne, babu ce."

Ni ba manomi ba ne, ko kwashe ban iya riƙewa ba. Amma da damina ta zagayo na shuka geron nan a bayan gidan malamai, abokaina suna dariya. Duk inda aka tura ni aiki na tafi da irinsa, daga Hamdara har arewa, har na dawo Zango na yi ritaya. Yanzu 'yan kunyoyi ne a bayan gida, tsakanin bango da makewayi. Kowace kaka nakan zaɓi zangarniya mafi kyau in sussuka, in cuɗa da toka, in ƙulle a tsumma. A gamel ba na zuba komai. Ya zo mini da kaya, kuma ba a mayar da kwano wofi, ga shi ba ni da inda zan mayar.

Ranar mai zubin tukwanen nan, da fushina ya sauka, na ɗauki gamel daga ƙasa na goge shi da hannun riga. Uwargidana tana tsakar gida ta juya mini baya, tana tsintar shinkafa. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na ce ta yi haƙuri, ta ajiye farantin akwai maganar da zan gaya mata.